Ƙarfen taga a gidajen Maraɗi: tsaro daga ɓarawo da haɗarin ranar gobara

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, labarin gobara yakan yawaita a Maraɗi, sai kuma tsohuwar muhawara ta dawo majalisun unguwa: shin amfanin ƙarfen da ake dasawa a tagogi ya kai haɗarinsa? Wani ya ce duk wanda ya kwana a ɗaki marar ƙarfe shi ya gayyato ɓarawo da kansa. Wani ya ce wanda ya dasa ƙarfe ya toshe wa iyalinsa hanyar tsira. Magidancin da ke gini a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, da ɗan hayar da ya tarar an riga an dasa ƙarfen, duk sukan rasa maganar wa za su ɗauka.

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake yin tambayar, kamar zaɓi biyu ne kawai, a sa ko a cire. Abin da ke raba ɗakin da ake tsira daga cikinsa da wanda ake rasa rai a ciki shi ne ko akwai wata hanyar fita ban da ƙofa, kuma ko mai barci zai iya buɗe ta cikin duhu ba tare da neman makulli ba.

## Ƙarfen iri nawa ne

A wurin masu walda ƙarfen taga ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake binne ƙafafunsa cikin bango tun ana gini a zuba masa siminti, yawanci da rodi mai kaurin milimita 10 ko 12. Wannan ba ya buɗuwa, ba ya fita sai an yanka shi ko an fasa bangon. Akwai wanda ake haɗa shi da jikin tagar a shagon walda a kawo su tare, shi ma a kafe yake. Sai kuma mai buɗewa, wanda ke juyawa kamar ƙyauren ƙofa, a rufe shi da sakata ko kwaɗo daga ciki. Daga waje duka ukun kamanninsu ɗaya, amma ranar gobara bambancinsu shi ne komai.

Ragar waya da ake sawa saboda sauro ba ta cikin wannan lissafi, wuƙa ma tana yaga ta. Tagar ƙarfe mai ganye-ganye da ta yawaita a gidajen Nijar tana buɗuwa, sai dai sau da yawa akan dasa sanduna a bayanta, sai buɗuwar tata ta zama ta shan iska kawai.

Abin da masana gobara ke kira mafita ta biyu shi ne kowace kafa da babban mutum zai iya fita ta cikinta idan wuta ko hayaƙi sun tare ƙofar ɗaki. Tana iya zama taga, tana iya zama ƙofar baya.

## Yadda aka zo nan

Gidan Bahaushe na da bai san ƙarfen taga ba, domin bai san babbar taga ba. Ɗakin ƙasa kafa ce ƙarama gare shi can sama kusa da rufi, ƙofarsa kuma tsakar gida take kallo. Tsaron gidan yana ga katanga da zaure da yawan jama'a: da wuya a wayi gari a wuni gida babu kowa, baƙo kuma ba ya wuce zaure ba a gan shi ba.

Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta ci tsohon gari, an tayar da Maraɗi zuwa tudu aka yanka filaye layi-layi. Kuɗin gyaɗa da na fatauci da Najeriya suka kawo siminti da kwano, daga baya manyan tagogi masu kallon titi ko lungu. Tsarin zama ma ya sauya. Gidan mata da miji da 'ya'yansu kaɗai, wanda ake kullewa da safe kowa ya tafi aiki ko makaranta, ya zama ruwan dare a sababbin unguwanni. Kayan cikin gida kuma suka koma marasa nauyi masu tsada, masu sauƙin sayarwa: waya, talabijin, kwamfuta, batirin sola. Ga labaran 'yan bindiga da satar mutane da suka addabi yankunan Madarumfa da Gidan Rumji a 'yan shekarun nan, waɗanda suka ƙara wa mutanen birni fargaba ko da abin bai iso ƙofarsu ba. A haka ƙarfe ya zama wani ɓangare na gini kamar daɓe da fenti, mai gida ba ya ma tambaya, magini da mai walda sun san za a sa.

## Hujjar masu cewa a sa

Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma ba tsoro kaɗai ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, babu wanda zai iya kwana da taga a rufe. Ƙarfe ne ke ba mutum damar barin taga a buɗe har asuba. Matar da mijinta ya tafi fatauci Kano ko ci-rani ta kwana da ƙananan yara ita kaɗai, kwanciyar hankalin da ƙarfen ke ba ta abu ne na gaske. A gidan bene kuma yana hana yaro faɗowa.

Ɓarawon dare lokaci da shiru yake nema. Duk abin da zai sa ya daɗe yana fama ko ya yi ƙara yana rage masa sha'awar gidan, ƙarfe mai kyau kuma yana yin duka biyun. Sata kuwa ta fi gobara yawan aukuwa nesa ba kusa ba. Da wuya a samu layin da ba a taɓa shiga wani gida ba, alhali mutum yana iya tsufa bai ga gobarar ɗakin kwana da idonsa ba.

Sai dai kariyar tana da iyaka. Satar da aka fi yi ta taga, wato zura hannu ko sanda a jawo waya ko wando mai kuɗi a aljihu, sanduna ba sa hana ta, sai raga mai ƙananan idanu ko nisanta kaya daga bakin taga. Ƙarfe marar kauri, ko wanda aka ɗan ɗiga masa walda, yana lanƙwasuwa. Masu zuwa da makami kuwa ba ta taga suke bi ba, ƙofa suke sa a buɗe musu. Aikin ƙarfen taga shi ne jinkirta ɓarawo mai saɗaɗawa. Wannan jinkirin kuma shi ne dai yake yi wa mai neman fita da maƙwabcin da ya zo ceto.

## Minti nawa gobara ke bayarwa

Masu cewa a cire suna dogara ne da wani abu da yawancin mutane ba su ƙiyasta daidai ba, wato saurin wuta a ɗakin zamani. Gwajin da UL, wata cibiyar gwada ingancin kayayyaki, ta yi a Amurka ya nuna ɗakin da aka cika da kayan roba da soso yana kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, alhali ɗaki mai kayan katako da auduga irin na da yana kai kusan minti 30. Ɗakin amarya a Maraɗi yau irin na farkon ne: katifar soso, kujerun soso, labulen roba, leda ko kafet a ƙasa, silin na roba ko falanki, gidan sauro, akwatunan tufafi.

Kuma ba harshen wuta ne ke fara kisa ba. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su. Yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi kuma take hana jini ɗaukar iskar numfashi, soso idan yana ci kuma yana fitar da gubar sayanaid. Warin hayaƙi ba abin dogaro ba ne wajen tada mai barci. Wanda ya farka yakan farka da jiri da rikicewar tunani, cikin duhun da ko tocila ba ta huda shi. Mutumin da ya shekara goma a ɗaki yana iya kasa gane inda ƙofa take.

Mutanen Maraɗi sun ga saurin wuta ranar 8 ga Nuwamba 2021, lokacin da azuzuwan zana suka kama a wata makarantar firamare aka rasa yara aƙalla 25. Da rana ne, ga manya a kusa, babu ƙarfe a ko'ina, duk da haka lokacin bai isa ba.

A gwada wannan da lokacin da ceto ke ɗauka. Sai wani ya farga ya kira lamba 18, 'yan kwana-kwana su taso, su ratsa lungu da yashi kafin su iso. Kafin nan maƙwabta ne ke aiki, da guduma da diga da taɓarya. Injin yankan ƙarfe wuta yake buƙata, ita kuwa wutar lantarki ita ake fara yankewa idan gida ya kama. Shi ya sa sau da yawa fasa bulon da ke gefen taga ya fi sauri a kan karya rodin da aka binne a siminti, kuma ko wannan ɗin yana cin mintunan da na ciki ba shi da su.

Abubuwan da ke tada wutar ma sanannu ne. Da hunturu akan shiga ɗaki da gawayi don jin ɗumi, a bar kaskon turare kusa da labule, a manta da abin dafa ruwa a jone. Akwai maganin sauro na kunnawa da kyandir ranar da babu wuta. Akwai wayoyin lantarki marasa inganci da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu, da kayan da aka bari a kunne wuta ta dawo cikin dare. Ga tukunyar gas a ƙuntataccen madafi, ga galan ɗin fetur na janareta ko na sayarwa, ga babur da ake shigarwa falo a kwana da shi saboda tsoron ɓarayi. Wannan na ƙarshe ya nuna yadda matakin tsaro ɗaya ke haifar da wani haɗarin: an ajiye tankin mai a bakin hanyar fita tilo.

## Matsalar ciki da falo

Haɗarin ƙarfe ba ɗaya ba ne a kowane gida, tsarin ɗaki ne ke ƙayyade shi. Ɗaki guda mai ƙofa kai tsaye zuwa tsakar gida, inda taku uku ko huɗu ke fitar da mutum, haɗarinsa da sauƙi. Ciki da falo kuwa, wanda shi ne ginin da ya fi yawa a gidajen haya da sassan amare, nan ne abin ya fi muni. Mai kwana a ciki ba shi da hanya sai ta falo. A falon kuma talabijin yake, da firji, da cajar waya, da kujerun soso, wani lokaci da gas ko babur. Wato inda wuta ta fi yiwuwar tashi shi ne inda dole a ratsa. Idan tagar ciki kafaffen ƙarfe gare ta, hanya ta ƙare.

Manyan gidaje masu ɗakuna a jere a kan siririyar hanya ɗaya ta cikin gida su ma haka ne, hayaƙi yana cika hanyar tun wutar ba ta iso ba. A gidajen haya na layi kuma, inda bangon da ya raba ɗakuna bai kai kwano ba, hayaƙi da wuta suna bi ta saman silin su faɗo ɗakin maƙwabcin da bai kunna komai ba.

Ƙofa ma tana cikin lissafi. Ƙofar ƙarfe da aka murza wa makulli sau biyu aka zare aka ajiye a wani wuri, ranar gobara ba ta da maraba da kafaffiyar taga, kuma ƙarfe idan ya yi zafi yana kumbura ya cije. Mafi haɗari shi ne kulle yara da kwaɗo ta waje a tafi kasuwa ko biki, da yaran shago da ake rufewa a ciki su kwana suna gadi.

## Abin da wasu ƙasashe suka koya

A watan Maris na 2001 gobara ta kashe ɗalibai 67 a ɗakin kwanan makarantar Kyanguli da ke Kenya, inda ƙofa ɗaya ke kulle, tagogi kuma ke da sanduna. Ƙa'idojin tsaron makarantu da ƙasar ta fitar a 2008 sun ce tagogin ɗakunan kwanan ɗalibai su kasance babu sanduna, ƙofofi kuma su riƙa buɗewa zuwa waje. Ranar 14 ga Satumba 2017 mutum 23 suka rasu a wata makarantar haddar Alƙur'ani a Kuala Lumpur ta Malesiya, 21 daga cikinsu ɗalibai. Wutar ta tare ƙofa tilo ta ɗakin kwanan da ke saman bene, tagogin kuma ƙarfe ne a kafe. Duk mai tsangaya ko makarantar kwana a Maraɗi, inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, wannan labarin ya shafe shi kai tsaye.

Ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ba ta haramta ƙarfe ba. Abin da ta shardanta shi ne kowane ɗakin kwana ya samu kafar tsira da faɗinta bai gaza santimita 51 ba, tsayinta bai gaza 61 ba, faɗin buɗaɗɗen wurin gaba ɗaya ya kai wajen rabin murabba'in mita, kuma tazararta daga daɓe kada ta wuce santimita 112. Idan an sa mata ƙarfe, dole ya buɗu daga ciki ba da makulli ba, ba da wani kayan aiki ba, ba kuma sai mutum ya san wata dabara ta musamman ba. Wannan ita ce matsayar da ta fi haɗa hujjojin ɓangarorin biyu, kuma babu abin da ke cikinta da mai waldar Maraɗi ba zai iya yi ba.

Masu ganin duk wannan shiri gaba da ƙaddara ne, hadisi bai goyi bayansu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba ya yi umarni a kashe ta kafin barci. A wata ruwayar ya haɗa kashe fitila da rufe ƙofa a umarni guda.

## Kwaɗo da makulli a rataye

Mafitar da aka fi ba da shawara a gari ita ce a yi ƙarfe mai buɗewa a sa masa kwaɗo, a rataye makullin a ƙusa kusa da taga. Ya fi kafaffe, amma yana da raunin da ba a cika faɗa ba. Makulli yana ɓata, yaro ya ɗauka ya yi wasa da shi, ko a haɗa shi da sauran makullai a fita da shi. Kwaɗon da ya shekara biyu ba a buɗe ba, ƙurar hunturu da tsatsar damina sun cika shi. Sannan zura ƙaramin makulli a ƙaramar kafa aiki ne na mai gani da natsuwa, biyun nan kuwa su ne hayaƙi ke fara ƙwacewa. Idan kuma an rataye shi daf da taga don sauƙi, ɓarawo ya jawo shi da waya, an gudu gara an faɗa zago.

Abin da ya fi inganci shi ne sakata marar makulli wadda hannun na waje ba ya kaiwa gare ta. Wasu suna lulluɓe wurin sakatar da farantin ƙarfe mai faɗi su ƙara raga mai ƙarfi a kewaye. Wasu suna sauko da mariƙin ƙasa kusa da daɓe, a haɗa shi da sakatar da sanda, ta yadda sai wanda ke cikin ɗaki zai iya ja ko takawa. Mariƙi na ƙasa yana da ƙarin amfani, domin hayaƙi sama yake taruwa, mai neman tsira kuma da rarrafe ake so ya tafi. Maɗaurin da ƙyauren ke juyawa a kai a toshe kansa da walda don kada a zare shi daga waje. A kuma duba inda tagar ke fitar da mutum: idan tsukakken lungu ne tsakanin bango da katanga da aka cika da itace da tarkace, ko kuma ƙyauren zai bugi katangar ya ƙi buɗuwa, aikin bai cika ba. A gidan bene ana bukatar tsani ko baranda da za a sauka ta kai.

Ba kowace taga ke bukatar wannan ba. Ta madafi, ta banɗaki, ta ɗakin ajiya da ta falon da ke da ƙofar waje duk suna iya zama a kafe. Taga ɗaya a kowane ɗakin da ake kwana ta wadatar, kuma an fi son wadda ke kallon tsakar gida, domin katanga ta riga ta kare ta. Ma'aunin ingancinta shi ne tsohuwa ko yaron da ya fara wayo su iya buɗewa da fitila a kashe, a kuma riƙa gwadawa ana ɗiga mai lokaci-lokaci.

Na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, mai aiki da batir, ita ce ke sayo mintunan da tagar ke bukata. Ƙididdigar NFPA, ƙungiyar rigakafin gobara ta Amurka, ta nuna haɗarin mutuwa a gobarar gida yana raguwa da kusan rabi inda na'urar ke aiki. A ciki da falo, silin ɗin falo ne wurinta.

## Wa zai ɗauki nauyi

Ga mai sabon gini, ƙarin kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin tagar kanta: ƙarin ƙarfen zagaye, maɗauri, sakata da ladan aiki. Sharaɗin kawai a faɗa wa mai walda tun kafin ya yanka ƙarfe. Gyaran tsohuwar taga ya fi tsada, domin sai an yanke sandunan an sake ɗaura su, wani lokaci a taɓa bango a yi faci.

Ɗan haya ne ya fi shiga tsaka mai wuya. Shi ke kwana a ɗakin, amma ba shi da ikon yanka ƙarfen wani. Mai gida kuma yana kallon ƙarfe a matsayin abin da ke ƙara wa ɗakinsa daraja, kuma yana tsoron a ce taga mai buɗewa ce ta jawo sata. Inda aka fi samun daidaito shi ne ɗan haya ya biya gyaran a cire daga kuɗin haya, ko a raba, a kuma yi maganar gaban dillali ko shaidu tun kafin a tare. Wanda bai samu wannan ba, abin da ya rage a hannunsa shi ne ya fitar da gas da fetur da babur daga falo, ya bar makulli a jikin ƙofa da dare, ya cire kayan wuta daga soket kafin kwanciya.

Mafi yawan gidajen Maraɗi shawara ce tsakanin mai gida da magini da mai walda, babu mai zanen gini a tsakani, kuma duk wata ƙa'ida da za a ɗora a kan takardar izinin gini ba za ta taɓa dubban ɗakunan da aka riga aka gina ba. Saboda haka shagon walda ne wurin da sauyi zai fi saurin kamawa. Idan masu walda suka saba tambayar mai gini wace taga ce ta ɗakin kwana, suka kuma ajiye samfurin mai buɗewa a bakin shago yadda suke jera ƙofofi da gadaje, mai gini zai gani ya tambayi farashi. Makarantun kwana, tsangayu, masaukan baƙi da gidajen haya masu ɗakuna da yawa kuwa, su ne wuraren da ma'aikatar magajin gari da 'yan kwana-kwana ke da hurumin shiga su duba, kuma a can ne yawan masu kwana bayan ƙofa ɗaya ya fi yawa.